Ka dawo gida, amma tarar gudun da ka yi a ƙasar waje ba ta yafe ka ba

Jama'a, akwai wata magana da ta fara yawa a majalisunmu, daga Gumel zuwa Ringim har Dambatta. Mutum ya je Umara, ko ya je saro kaya Dubai, ya karɓi mota ya tuƙa, ya dawo gida lafiya an yi barka da zuwa. Bayan sati uku sai alat ya shigo an cire kuɗi a katinsa, ko kuma ɗan'uwan da ya ara masa mota a Jidda ya kira yana cewa an rubuta masa tara. Amsar da aka fi ji ita ce, "Ai na riga na dawo, su biyo ni ƙauyenmu su kama ni." Wannan amsar ba ta kai mutum ko'ina. Tarar ba ta ɓacewa, sai dai ta ƙaru, ko ta faɗa kan wanda ya yi maka alheri.

A nan gida mun saba sai jami'i ya ɗaga hannu ya tsayar da kai kafin a ce ka yi laifi. A Saudiyya ba sai an tsayar da kai ba. Tun 2010 suka kafa tsarin kyamarori da ake kira Saher, wasu a kan fitilar danja, wasu a gefen babban titi, wasu a cikin motar da aka ajiye kamar ta lalace. Kyamara ta ɗauki lambar mota, na'ura ta duba sunan wanda motar ke hannunsa, saƙo ya tafi wayarsa. Direban ma sau da yawa bai san an ɗauke shi ba.

Farashin kuwa hawa-hawa ne. A titin da iyakar gudunsa 120 ce ko ƙasa da haka, idan ka wuce da fiye da kilomita 10 zuwa 20 tarar tana tsakanin riyal 150 da 300. Daga 20 zuwa 30, riyal 300 zuwa 500. Da ka haura 30 sai ta yi tsalle zuwa 800 ko 1,000, wanda ya wuce da fiye da 50 kuma yana kallon 1,500 zuwa 2,000. Inda 'yan Umara suka fi faɗawa shi ne hanyar Makka zuwa Madina. Tun 2018 aka ɗaga iyakar ƙananan motoci zuwa 140 a sassanta, sai mutum ya ɗauka an sakar masa mara, ya taka totur yana neman ƙure maleji. To a titin 140 sassaucin ya fi ƙanƙanta: da ka wuce da fiye da kilomita 5 an fara lissafi, kuma 30 kacal ke kai ka matakin ƙarshe. Iyakar kuma ba ɗaya ba ce daga farkon hanya zuwa ƙarshenta. Tana sauka kusa da gari da wurin bincike, kuma kowace kyamara tararta daban. Tafiya ɗaya ta kusan kilomita 450 za ta iya haifar da tara uku ko huɗu. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, wato riyal 1,500 dala 400 ke nan. Kowa ya tambayi 'yan canji a Wapa nawa ke nan yau, ya auna da buhunan geron da zai sayar kafin ya haɗa.

Ketare jan danja ya fi duk wannan zafi, riyal 3,000 zuwa 6,000. Riƙe waya ana tuƙi 500 zuwa 900. Kyamara ce dai ke kama su duka.

Babbar matsalar mutanenmu ita ce sanarwar ba ta iso su. Layin STC ko Mobily ko Zain da aka saya da sauka, ana cire shi a cikin jirgi a jefa a aljihun jaka, ko a bar wa wani a can. Imel ɗin da aka rubuta a takardar hayar mota na yaron da ya cike fom ne a shagon intanet, mai shi bai ma san lambar sirrinsa ba. Adireshin gida kuwa an rubuta "kusa da masallacin Juma'a", wasiƙar da ta taso daga Turai ba za ta taɓa zuwa ba. A wajen hukumar can an sanar da kai, kwanaki suna tafiya, kai kuma kana gona ba ka da labari. Don haka duk wanda ya tuƙa mota a waje, kada ya jira a neme shi. Ya riƙe layin can aƙalla wata biyu, ya riƙa saka shi a waya, kuma ya shiga ya duba da kansa.

A Saudiyya wurin dubawa shi ne manhajar Absher. Mai igama, wato katin izinin zama, yana shiga da lambar igamarsa. Baƙon da ya shiga da biza yana da lambar kan iyaka, lamba goma da ake ba shi ranar shiga, da ita ake gane shi a na'urorinsu. A ɗauki hotonta a ajiye tun ranar farko. Biyan kuma ta tsarin SADAD ake yi daga asusun bankin can, da lambar laifin. Wanda ya dawo gida ba shi da asusu a can, abin da ya fi sauƙi shi ne ya tura wa amintaccen mutum kuɗin tare da lambar laifin, shi kuma ya biya ya turo hoton rasit. Bayan kwana biyu a sake dubawa a tabbatar laifin ya fita daga na'ura. Hoton rasit kaɗai ba ya isa, ana iya haɗa na jabu a waya cikin minti biyar.

Yanzu ga wurin da ya fi damuna, motar aro. Mutanenmu da ke zaune a Jidda da Makka da Madina, masu aikin direba da masu shago, suna da kara. Baƙo ya zo daga gida, sai su miƙa masa makulli. Idan ba a yi masa izinin tuƙi a Absher ba, wanda suke kira tafwid, duk abin da kyamara ta ɗauka a kan sunan mai motar yake sauka, ko a kan kafilinsa, wato ubangidan da yake wa aiki, idan motar ta gidan aiki ce. Baƙo ya hau jirgi ya dawo da zamzam da dabino, mai masaukinsa kuma ya zo sabunta takardun mota a ce sai ya biya. Idan zai bar ƙasar gaba ɗaya, bizar fita ta ƙarshe ba ta fitowa sai an share tarar da ke kansa. Direban gida kuwa a albashinsa za a zare, albashin da iyali ke jira a Babura ko Garki. Kunya ba za ta bar shi ya kira Alhaji ya ce a biya ba, sai ya haɗiye. Wannan haƙƙi ne a wuyan wanda ya yi gudun, kuma ban ga yadda mutum zai je neman gafara a Ɗakin Allah ya baro wa ɗan'uwansa bashi ba. Wanda ya ari mota shi ya kamata ya kira bayan sati biyu ya ce, "Malam, duba mini ko wani abu ya shigo." A rubuta ranar da aka karɓi makulli da ranar da aka mayar, ko da a saƙon WhatsApp ne, domin kowane laifi yana zuwa da rana da sa'a da wuri. Da haka ake raba gardama ba tare da an ɓata zumunci ba.

Motar haya tata rigimar daban. Kamfani yana riƙe kuɗin ajiya a katinka daidai saboda irin wannan. A Dubai sukan riƙe har wajen kwana 30 bayan ka mayar da mota, su cire tara da kuɗin Salik, wato kuɗin wucewa ta ƙofofin titi, sannan su sako ragowar. Kada ka amince da jimla kawai. Ka nemi lambar kowane laifi, ka duba ta a manhajar 'yan sandan Dubai, ka gwada ranar da sa'ar da abin da ke takardar haya. Yakan faru a ɗora wa mutum laifin wanda ya karɓi motar bayansa, musamman idan ma'aikaci bai rufe takardar a lokacin da aka mayar ba. Maganinsa hoton maleji da hoton takardar mayarwa mai ɗauke da sa'a, kafin ka bar wurin. Sannan 'yan kasuwa su lura da wani tarko: a Dubai kyamara ba ta kamawa sai ka wuce abin da ke allo da kilomita 20, amma Abu Dhabi ta soke wannan sassaucin tun 2018. Allo ya ce 120, to 121 laifi ne. Titin da ka hau a Dubai shi ne zai shigar da kai Abu Dhabi, direba ba ya jin lokacin da doka ta canza a ƙarƙashin tayarsa. Wanda ya wuce iyaka da fiye da 80 a Daular Larabawa, dirhami 3,000 ne, da tsare mota kwana 60, kuma kamfanin haya zai nemi asarar kwanakin a wajensa.

A Turai kuskuren da aka fi yi shi ne ganin an cire kuɗi a kati a ɗauka an gama. Abin da kamfanin haya ya cire ladan miƙa sunanka ne ga hukuma, yana rubuce a yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Ainihin tarar tana tafe daban. A Faransa ƙaramin gudu a cikin gari yuro 135 ne, yana sauka zuwa 90 idan an biya cikin kwana 15, ko 30 ta intanet, yana kuma hawa zuwa 375 idan wa'adi ya wuce. Italiya tana da kwana 360 na aiko wa mazaunin ƙasar waje sanarwa, don haka shirun wata shida ba alamar tsira ba ce, kuma wanda ya biya cikin kwana 5 da karɓar takarda ana rage masa kashi 30 cikin ɗari. Ɗalibanmu da ke Ingila su tuna allunan can da mil suke: 30 kusan kilomita 48 ce, 70 kuma wajen 113. Mafi ƙarancin tara fam 100 da maki uku a lasin, kuma ƙin bayyana wanda ya tuƙa cikin kwana 28 laifi ne da ya fi gudun nauyi. Fom ɗin bizarsu yana tambaya a kan hukuncin laifin tuƙi. Ɓoyewa ta fi tarar illa.

Ba kowace tara ake biya ido rufe ba. Idan ranar ba ta dace da lokacin da mota ke hannunka ba, ko lambar da ke hoton ba ta motarka ba ce, ko an rubuta laifi ɗaya sau biyu a minti ɗaya, ka ƙi amincewa. A Saudiyya kwana 30 gare ka ka shigar da ƙorafi ta Absher. Hujja ake so: tambarin fita a fasfo, tikitin jirgi, takardar mayar da mota. "Ban ga allo ba" ko "ina sauri in riski jam'i" ba sa karɓuwa. A Faransa kuma biya yana nufin ka amsa laifi, don haka mai niyyar ƙorafi kada ya fara biya. Amma idan ka san kai ne kuma ka yi gudun, ƙorafin banza ragin kawai zai ci maka.

'Yan damfara sun gano wannan ƙofar. Saƙo zai shigo da tambarin hukuma, a ce ka danna nan ka biya cikin awa 24. Kada ka danna. Ka buɗe manhajar hukuma da hannunka, ko ka rubuta adireshin shafin da ke kan takardar asali. Haka masu cewa a kawo rabi suna da mutum a ciki da zai goge. Ragin gaskiya hukuma ke shelanta shi, kamar na kashi 50 da Saudiyya ta yi a 2024 a kan tsofaffin tarori, kuma da kansa ya bayyana a na'ura ba tare da ɗan tsakiya ba. Idan katin naira ya ƙi wucewa, a yi amfani da katin asusun dala, naka ko na wanda ka yarda da shi. Hukumar lambar laifi take dubawa, ba ta damu da sunan da ke kan katin ba.

Direbobinmu masu tsallakawa Nijar ta Maigatari zuwa Damagaram, musamman ranar Alhamis ta kasuwa, nasu ya fi kama da na gida: jandarma ne zai tsayar da kai, a biya da sefa nan take. Abin da za a riƙe shi ne a nemi rasit mai hatimi, wanda suke kira kitans, a duba an rubuta lambar mota da kwanan wata da adadin da aka karɓa. Idan sun riƙe lasin ko takardar mota, a karɓi takardar shaidar riƙewa mai sunan ofishin da za a je karɓa, kada a bar wurin da alkawarin baki. Yaron mota ya ɗauki hoton rasit ya tura wa mai motar tun kafin a tashi, don rasit ɗin ne za a nuna a shinge na gaba idan aka sake tayar da maganar.