Ciwon damuwa: ku je wurin likita, ku faɗa masa gaskiya, ku kai magani ƙarshe

Assalamu alaikum, 'yan'uwa matasa.

Da yawanku sun ɗauka duk abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa sai Asibitin Kware, wato asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa da ke kusa da Sakkwato. Tun da kuma ba mai son a ce an gan shi a can, sai mutum ya zauna da ciwo shekara da shekaru ana ce masa ya yi haƙuri. Wallahi wannan zaman yana cinye karatu da sana'a da aure. Yawancin masu ciwon damuwa da fargaba ba su buƙatar kwanciya asibiti. Likitan iyali, wato mai duba kowa da kowa a sashen sha-ka-tafi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko babban asibitin ƙaramar hukumarku, wannan na cikin aikinsa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don a riƙa kula da irin waɗannan larurori a asibitin da ya fi kusa da mutum.

Matsalar farko daga bakinku take fitowa. Matashi zai zauna gaban likita ya ce kansa na zafi, gabansa na faɗuwa, yana jin kamar wani abu na yawo a jikinsa, ba ya barci. Nan ya tsaya. Ba zai ce wata uku ke nan komai ya fita ransa ba, ya daina zuwa majalisa, ko kuka yake yi da dare. Layi ya yi tsawo, likita na sauri, sai a rubuta maganin maleriya ko na taifot, a tafi a dawo a haka. Ku faɗi na jiki, ku haɗa da na zuci tun a zaman farko.

Abin da likita ke nema shi ne ko baƙin ciki, ko rashin jin daɗin abin da a da kake so, ya kai mako biyu kusan kullum har ya taɓa aikinka. Wasu na amfani da takardar PHQ-9: tambaya tara, kowace maki 0 zuwa 3, jimilla 27, kuma daga 10 zuwa sama abin ya wuce ɓacin rai na yau da gobe. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa ko cutar da kai ce. Kada ka ji haushi, kada kuma ka yi ƙarya don tsoron a ce imaninka ya yi rauni. Wannan tunani alamar ciwo ce, kuma amsarka ce ke nuna irin maganin da za a ba ka, ko ƙwaya nawa za a sallama maka a hannu, da wanda zai kula da kai a gida.

Zai gwada hawan jini, ya sa a auna yawan jini da suga, wani lokaci da aikin ƙullutun wuya da ke kawo maƙoƙo, domin waɗannan na kawo kasala da bugun zuciya. Mace za a tambaye ta ciki ko shayarwa. Za kuma a tambaye ka abin da kake sha. In taramadol ne ko kodin ko wiwi, faɗi, har da adadi. Haɗa taramadol da maganin damuwa na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Ba kowa ake ba ƙwaya ba. In ciwon bai yi nisa ba, likita zai yi maka bayani, ya tsara maka lokacin kwanciya da tashi, tafiyar ƙafa ta minti 30, komawa jam'i da cikin mutane ko da ba ka so, a ɗauki matsala ɗaya a warware kafin ta biyu. Kada ka raina wannan don ba allura.

In ya kai ga magani, biyu ne aka fi samu. Amitiriftilin akan fara shi da miligiram 25 da dare, a ƙara sannu a hankali. Yana sa barci, bushewar baki, taurin bayan gida da jiri in an miƙe da sauri. A zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu sai an yawaita shan ruwa. Ba a ba mai ciwon zuciya haka kawai, kuma yawansa na kisa, don haka a ɓoye shi daga yara. Fulokzetin kuwa miligiram 10 ko 20 ne da safe, yakan sa tashin zuciya a kwanakin farko. Kafin ɗayansu, likita zai tambaya ko ka taɓa yin kwanaki ba barci ba gajiya, da surutu da kashe kuɗi ba lissafi. In haka ne, maganin damuwa shi kaɗai zai iya tayar da wancan ciwon na rashin barci da surutu.

A nan aka fi yin asara. Illar magani kan zo a makon farko, amfaninsa sai mako biyu zuwa huɗu, wani ma shida. Sai mutum ya sha kwana biyar ya ce bai karɓe shi ba. Wani kuma da ya ji sauƙi sai ya ajiye, alhali ana so a ci gaba aƙalla wata shida bayan warkewa, sannan a rage sannu a hankali da sanin likita. Yankewa lokaci guda na kawo jiri, rashin barci da dawowar ciwon. In kuɗi ne ya gagara, gaya wa likita ya canja maka mai araha. In azumi ne, tambaye shi ya mayar maka da shi sahur ko bayan buɗa baki. Addu'a da ruƙiyya ku riƙe su, ba su hana shan magani, kuma kada kowa ya sa ku zubar da shi. 'Yan ƙasa da shekara 25, in tunanin kashe kai ya ƙaru a makonnin farko, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Dayazafam da kuke saye a kemis don barci ba ya warkar da damuwa. In an wuce mako biyu zuwa huɗu ana sha, jiki ya saba, ciwo ɗaya ya zama biyu.

Akwai inda likitan iyali zai rubuta takarda ya tura ka Kware ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa: jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, zargin ana bin ka da sharri, yunƙurin kashe kai, ƙin ci da sha, ko an gwada magani biyu yadda ya kamata ba sauƙi. Mai jego da ta rikice cikin makonnin farko bayan haihuwa, ba ta barci, tana sambatu, a kai ta nan take, a kuma sa wani ya riƙe jaririn. Zazzaɓi da ruɗewa da sanƙarewar wuya kuwa, musamman a watannin zafi, sashen gaggawa za a nufa, domin sanƙarau na iya zuwa a haka. Kada a ɗaure majinyaci da mari ko a dake shi. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙinsa.