Lefen Aljanu a Teburin Mai Shayi

Agege ce, a Legas, bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta. Bakano ya jingina wayarsa da gwangwanin madara a kan teburin shayi, wata murya mai zaƙi tana karanta littafi, kashi na 38. Bagobiri ya dawo daga dako a kasuwar Mil 12, ko ƙafa bai wanke ba. Ɗan Fulani yana gefe da kofinsa, tun ɗazu bai kurɓa ba.

Muryar waya: “Da uwar amarya ta ɗaga murfin akwati na farko, sai ta ga wayam. Na biyu, wayam. Gidan kuwa aljani bakwai ke gadinsa tun zamanin kakanni…”

Bagobiri: Tsaya, tsaya! Mi tac ce? Aljani bakwai na gadi, amma aka kwashe lehe?

Bakano: Akwati goma sha biyu, Malam. Har da kit.

Bagobiri: Wanga gadi ko ni na fi su. Shekara ukku ina gadi Obalende, ko bokiti ba a ɗauka ba.

Bakano: Gidan da ka yi gadin akwai bokiti?

Ɗan Fulani: Ni dai yarinyar nan nake tausayi. Tun magariba take magana cikin abin nan, ba wanda ya ce mata ga ruwa.

Bakano: Jauro, ɗauka aka yi. Tana can gidansu, ƙila ma ta yi barci.

Ɗan Fulani: Tana barci tana magana? To ita ma tana da su.

Nan Bakano ya sake ba su labarin daga tushe, don Bagobiri ya rasa kashi huɗu ranar da motar tumatir ta iso da dare. Amarya 'yar mutane ce, amma kakarta ta taɓa shayar da jaririn aljana, shi ya sa gidan ba a rasa gishiri, kuma tukunya tana faɗin sunan duk wanda ya saci nama. Ango kuwa daga Jangare ya fito, birnin iskoki, jikan Ɗan Galadima ne. A bakin rijiya suka haɗu. Da ya yi mata murmushi sai guga ya hau da kansa.

Bagobiri: Ni da nir riƙa ja ma Hajo ruwa wata shidda, ko sannu.

Bakano: Kai da hannu ka ja.

Ɗan Fulani: Sadaki fa? Shanu nawa?

Bakano: Ba shanu. Tauraro ɗaya ya tsinko ya ba waliyyi.

Ɗan Fulani: Tauraro yana haihuwa?

Bakano: A'a.

Ɗan Fulani: An cuci yarinya.

Aka ci gaba da saurare. Ranar kamu ce, dangi duk sun sha anko, kowa yana zargin kowa. Gwaggo tana zargin kishiyar uwa, kishiyar uwa tana zargin alwanka, tukunyar da ta saba tona asiri kuma ta yi gum. Can amarya ta miƙe, lalle bai gama bushewa a hannunta ba, ta ce ta san wanda ya yi.

Muryar waya: “Ta nuna shi da yatsa, ta ce, ba kowa ba ne illa… Masu saurare, nan muka kawo ƙarshen na kyauta. Mai son ci gaba sai ya tura naira 500.”

Bagobiri: La'ila! A bakin suna?

Bakano: Wallahi matar nan ko a Kantin Kwari ta buɗe shago sai ta kore mu. To ku kawo ɗari bibbiyu.

Bagobiri: Mu ukku ɗari bibbiyu, ɗari shidda ke nan. Ɗarin ta sama ta wa?

Bakano: Cajin waya kyauta ake yi?

Ana cikin haka sai ga Bayarabe ya faka danfonsa, motar haya, ya zo yana goge wuya da tawul.

Bagobiri: Ga bawana ya iso. Kai, zo ka biya ma ubangidanka kuɗin littahi.

Bayarabe: Ubangida da buhun albasa a kai? Bakano, ba ni biredi da ƙwai biyu, ka rubuta a asusun mai zane.

Bagobiri: Ji mai zane na kiran wani mai zane!

Bayarabe: Wane littafi ne? Na amarya da akwati babu kaya? Ai na ji shi duka o.

Bakano: Ka biya?

Bayarabe: Wata Hajiya ta biya. Ta shiga motata a Oworonshoki, ta kunna shi ba abin kunne. Muka hau gada ta uku, wadda Babangida ya buɗe a 1990. Kilomita goma sha ɗaya da 'yan kai, amma kafin mu sauka an ɗaura aure, an yi suna, yaron ya fara rarrafe. Tun da aka hana acaɓa a 2022 ba mai tsere wa cunkoso, kowa ya zauna ya ji. Kwandastana ba ya jin Hausa, amma ya yi kuka.

Ɗan Fulani: To wa ya sata?

Bayarabe: Ɗari uku.

Bagobiri: Bawa ba ya sai da ma ubangiji labari. Hwaɗi!

Bayarabe: Anko ma daga wurinmu kuka ara, ba ku biya ba har yau. To saboda tsufanka. Ba wanda ya saci komai. Angon ne. Jinin Ɗan Galadima, ya kai kuɗin lefe wurin karta, aka cinye. Sai ya tara ganyen ɗorawa, ya tofa, suka zama leshi da atamfa. Kwana bakwai asirin yake yi. A na takwas iska ta kwashe ganyen.

Bagobiri: Tukunya hwa, don mi tay yi shiru?

Bayarabe: Ya ba ta nama.

Ɗan Fulani: Na faɗa muku. Mutumin da ya biya sadaki da tauraro.

Bagobiri: Kuma ta aure shi?

Bayarabe: Ta ce ko ganyen ne tana so.

Bakano ya daina kaɗa ƙwai. Ya juyo a hankali, cokali a hannu.

Bakano: Baba, kwana bakwai ka ce?

Bayarabe: Bakwai cif.

Bakano: Dangin Rabi da zan aura kwana uku kawai za su yi suna nuna wa maƙwabta. Hajiyar nan, a ina ka sauke ta? Ko littafin ya faɗi abin da ya tofa?