A daina jiran ruwa ya sauka kafin a tashi daga filin ƙwallo

A watan Yunin 2025, lokacin da aka dakatar da wasan Chelsea da Benfica a birnin Charlotte na Amurka saboda tsawa saura 'yan mintuna a tashi, aka shafe kusan awa biyu ana jira, na ji mutane a gidan kallo suna cewa tsoron Turawa ya yi yawa. Ni kuwa ina ganin abin da aka yi shi ne daidai. A filayen can akwai na'urorin da ke gano saukar tsawa, kuma ƙa'idarsu ita ce idan ta sauka a cikin tazarar kusan kilomita 13 daga filin, a fitar da kowa, a jira minti 30, duk sabuwar walƙiya kuma ta sa a sake lissafi daga farko. Amfanin wannan tsari shi ne ya ɗauke hukuncin daga wuyan alƙalin wasa, wanda 'yan kallo ke yi wa ihu ya ci gaba.

Mu nan da damina, yara na fita ƙwallo ne bayan la'asar, daidai lokacin da hadari ke gangamowa daga gabas, kuma ba wanda ke motsawa sai ruwa ya fara zuba, alhali tsawa na iya sauka tun kafin ɗigon farko. Sannan idan an watse, ƙarƙashin darbejiya ake rugawa ko rumfar mai shayi. A watan Agustan 2020, a yankin Arua na ƙasar Yuganda, yara 10 sun rasu da tsawa ta sauka a bukkar ciyawar da suka fake bayan ruwa ya katse musu wasan ƙwallo. Wannan labarin har yau yana damuna, domin yaran sun yi abin da kowa zai ce musu su yi, mafakar ce ba ta da kariya.

Ba kowace ƙaramar hukuma ce za ta iya sayen na'ura da jiniya ba, amma ƙirga ba ya buƙatar kuɗi. Ƙara na tafiyar kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, saboda haka idan tsakanin walƙiya da rugugin tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, tana cikin kilomita 10, sai kocin yara ya busa usur. Ina roƙon shugabannin makarantu su bar aji ɗaya na ginin siminti a buɗe da yamma, su kuma nuna wa yaran da ke wasa a filinsu ƙofarsa tun kafin hadari ya haɗo.