Hawan Ɗa'if da Hawan Kibo

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Makka ko Jidda ya san darajar Ɗa'if a wurin mutanen Hijaz. Makka tana cikin kwari, zafinta kan haura digiri 40 har numfashi ya yi nauyi. Ɗa'if kuwa tana saman duwatsun Sarawat, kusan mita 1,900 daga doron teku, alhali tsakaninsu tafiyar mota ba ta kai awa biyu ba. Shi ya sa sarakunan Saudiyya suka daɗe suna komawa can da fadawansu idan rana ta ƙwalle.

Garin yana da filin jirgi, amma a wurina wanda ya sauka ta sama bai ga Ɗa'if ba. Ta hanyar Hada, titin da ya hau dutse daga Makka, ake ganinta. Da an wuce Arfa sai titi ya fara nannaɗe dutse, kwana bisa kwana, kunne ya toshe ya buɗe, direba ya kashe na'urar sanyi ya sauke gilashi saboda iskar waje ta fi ta daɗi. Gwaggon biri ne garke-garke a bakin hanya suna jiran abin da za a jefa musu, motocin igiya na wucewa ta saman kai. Kafin ka isa masallacin Abdullahi ɗan Abbas ka riga ka wuce masu sayar da rumman da inabi da ɓaure, da ruwan wardin da garin ya yi suna da shi. A hawan nan ne kuma mutum yake fara fahimtar irin wahalar da Manzon Allah (SAW) ya sha da ya zo yi wa Banu Saƙif wa'azi, babu titi babu mota.

Ni da na taso ina bin hanyar Akwanga zuwa Jos, ba na iya hawa Hada ban tuna Hawan Kibo ba, kuma tunawar tana yi mini ciwo. Jos ba ta wuce mita 1,200 da ɗoriya ba. Hawanta bai kai na Hada tsawo ko tsayi ba, ko kusa. Amma a Kibo ne ake jin mota ta yi tsit sai salati, kowa na leƙen baya ko wata tanka ta taho birki ya tsinke. Gidaje nawa ne a Arewa suka yi zaman makoki saboda wannan gangaren?

Da na faɗi haka sai a ce ai su suna da kuɗin mai. Gaskiya ne, fasa dutsen Hada da aka kammala a zamanin Sarki Faisal da raba titin biyu daga baya ya ci dukiya. Sai dai abubuwan da suka fi kwantar mini da hankali a can ba na kuɗi ba ne. Manyan motocin kaya ba sa bin Hada, ta hanyar Sail suke zagayawa, wadda ta bi ta miƙatin Ƙarnul Manazil. Idan hazo ya sauko ko ruwa ya yi ƙarfi, 'yan sanda kan rufe hawan gaba ɗaya, kuma babu mai tsayawa roƙo ko miƙa na goro.

Wannan ba ya fi ƙarfinmu ba ne. Ko babu wata hanyar da za a karkatar da tireloli, ana iya ware musu sa'o'in sauka, a tsayar da kowace a duba birkinta kafin ta kama gangara, a zuba yashi a gefe inda wadda ta ƙwace za ta faɗa ta tsaya. Ta wannan hawan ne dankalin Turawa da kabeji da tumatirin Filato suke sauka zuwa kasuwannin Abuja, kuma direbobin da ke ɗauko su da yaran motarsu suna cikin masu mutuwa a kansa.