Ficewar Nijar daga MNJTF ba ta "Allah raka taki gona" ba ce

Tun da gwamnatin Janar Tiani ta sanar a ƙarshen Maris na 2025 cewa ta janye sojojinta daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, MNJTF, wasu masu fashin baƙi a Najeriya ke ta cewa Allah raka taki gona, wai dama Nijar ba ta tsinana komai a ciki. Mai irin wannan magana bai taɓa zama ya dubi taswirar arewacin Borno ba.

Najeriya ce ta kafa rundunar a 1994, zamanin Abacha, don maganin 'yan fashin kan iyaka, sannan Chadi da Nijar suka shigo a 1998, da hedkwata a Baga ta jihar Borno. Kowa ya san abin da ya faru da Baga a farkon Janairun 2015. Abin da aka fi mantawa shi ne, ranar da Boko Haram ta afka wa sansanin, sojojin maƙwabta sun riga sun tattara nasu ya nasu, na Najeriya kaɗai suka rage. An kore su, aka yi wa mutanen gari kisan gilla. Wato mun taɓa ɗanɗana wannan "a bar mu mu kaɗai" ɗin da ake yi mana alfahari da shi yau.

Bayan wannan abin kunya ne Tarayyar Afirka ta sahale a sake gina rundunar, aka kai hedkwata Njamena, aka yanka fagen daga gida huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Diffa a Nijar, da ɓangaren Najeriya da ke Monguno a yanzu. Kuma a Maris ɗin 2015, sojojin Nijar da na Chadi ne suka tsallako suka ƙwato Damasak, garin Najeriya. Ga masu cewa Nijar ba ta tsinana komai ba, sai su je su tambayi mutanen Damasak.

Tsakanin Malam Fatori ta Najeriya da Bosso ta Nijar kogin Komadugu Yobe ne kawai, wanda da rani ake ratsa shi da ƙafa a wurare da dama. In aka matsa wa 'yan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, a wannan gaɓa, su haye waccan, su huta, su yi cefanen mai da abinci, su dawo. Amfanin ɓangaren Diffa ke nan, ya tare musu baya. Yanzu wa zai tare?

Yamai ta ce tana son ƙarfafa tsaron rijiyoyin manta ne. Wannan hujja ba ta ko kai a tsaya a kanta ba, fushin takunkumin ECOWAS da yanke wutar 2023 ne bai huce ba. Amma Abuja ma kada ta wanke hannunta. Kwamandan rundunar kullum ɗan Najeriya ne, tun daga Buratai, duk da haka kowace bataliya umarnin babban birninta take jira kafin ta motsa. Haɗin gwiwar ya fi yawa a takarda. Marigayi shugaban Chadi Idriss Déby ya koka a 2020, bayan harin da Boko Haram ta kai wa sojojinsa a Bohoma, cewa an bar wa Chadi kayan ita kaɗai. Ɗansa Mahamat ya yi barazanar ficewa bayan an kashe masa sojoji kusan 40 a Barkaram a Oktoban 2024. Sau biyu ana buga ƙararrawa, shugabanninmu na ta taron ƙoli da ɗaukar hoto.

A raba rikicin siyasa da aikin soja. A tura manyan hafsoshi Yamai, ko da a asirce ne, a daidaita kan sintiri a gaɓar Komadugu da musayar bayanan sirri, ko da Nijar ba za ta sake ɗaura tambarin MNJTF a kafaɗa ba. Sannan a ji kukan Chadi tun ba ta bi sahu ba, don in ita ma ta fita, hedkwatar rundunar kanta a ƙasarta take.