Toshe mafitar hafiri ba dabara ba ce

A ƙauyukan Gadarif da Sinnar na ƙasar Sudan, wasu manomanmu masu hafiri (tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama) ko ɗan dam na ƙasa suna ganin mafitar rarar ruwa asara ce, sai su toshe ta da buhunan yashi wai a tara na rani. Ganganci ne. Bangon ƙasa ba ya jure ruwa ya bi ta kansa. Da ya tsallaka sai ya zaizaye bayansa, kafin a ankara ya yanke shi. Ga baƙar lakar yankin mai tsagewa da rani: ruwan farkon damina yana bin tsagar, da ramin gara, da saiwar bishiyar da aka bari a kai. In ruwa mai laka na tsattsafowa ta baya, ƙasar cikin bangon ce ke fita. A Yulin 2020 dam ɗin Bout a jihar Blue Nile ya ɓalle, ya rushe ɗaruruwan gidaje.

Ko manomi ya ce "ai filin nawa ne" ma da sauran magana, domin dokar filaye ta 1970 ta mayar da filin da ba shi da rajista mallakin gwamnati.