Mai gyaran keke, ajiye gudumar nan

Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ka kai keke Phoenix saboda ƙarfen feda ya fara lilo yana ƙara, sai mai gyara ya ɗauko tsohuwar ƙusar da ke riƙe ƙarfen, wadda ta riga ta cinye, ya narka mata guduma, ya ce an gama. Kwana uku ƙarar ta dawo. Kowane taki ramin ƙarfen ƙara faɗi yake, har ya zama sai dai sabo. Ranar kasuwa ƙarfen fedata ya zame da buhun masara a baya, na kuje ƙwauri.

Sabuwar ƙusa daidai da ramin ake sawa, a ɗaure noti, a sake dubawa bayan 'yan kwanaki. Kuma fedar hagu ta hagu ake ɗaure ta, malam, ka daina cinye mini zaren ramin da ake murɗa ta a ciki!